Ina son zama notari: ta ina zan fara?

Wani matashi ya rubuto mini daga Zariya yana cewa: "Barista, ina da shagon buga takardu da ɗaukar hoto a kusa da kotu, kuma ina da difloma a fannin mulki. Kullum mutane na zuwa da takardun da aka ce musu sai notari ya buga hatimi, ni kuma sai in tura su wurin wani lauya da ke bayan layinmu. Na ga a intanet ana cewa a Amurka mutum kan zama notari cikin makonni kaɗan. Ni ma ina so. Wane kwas zan yi, nawa ne kuɗinsa, kuma a ina ake samun hatimin?"

Ƙanina, Allah ya yi wa nema albarka. Gara in faɗa maka abin da ba za ka so ji ba tun da farko, kada in ja ka da nisa: da diflomar da ke hannunka ba za ka zama notari, wato mai shaida sa hannu da kwafin takardu da hatiminsa, a Najeriya ba, kuma babu kwas ɗin da zai ba ka wannan matsayi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya yi maka hanya, ko ya ce zai sassaƙa maka hatimi a kasuwa, gidan yari yake nuna maka. A ƙasar nan lauya kaɗai ake naɗawa notari, kuma mutum ɗaya ne ke da ikon naɗin, wato Babban Jojin Najeriya, wanda muke kira Alƙalin Alƙalai. Haka dokar take tun ta zamanin Turawa ta 1936, haka kuma sabuwar dokar notari ta 2023 ta bar shi.

Abin da ka gani game da Amurka ba ƙarya ba ne, sai dai suna ne ya zo ɗaya. A can kowace jiha ke ba da nata izinin. A yawancinsu mutum ya kai shekara 18, ba shi da tabon babban laifi, ya cika fom, ya biya kuɗi, shi ke nan. Wasu jihohin irin su Kalifoniya da New York suna ƙara jarrabawa. Izinin na 'yan shekaru ne, galibi huɗu, sannan a sabunta. Shi ya sa za ka tarar da notari a banki, a shagon aika kaya, har a ofishin dillalin gidaje. Babban aikinsa shi ne ya duba katin shaida ya tabbatar wanda ya sa hannu shi ne shi ba, kuma doka ta hana shi ba da shawarar shari'a idan ba lauya ba ne. Namu tsarin daga Ingila muka gaje shi, inda har gobe ofishin Babban Limamin Cocin Kantabari ne ke naɗa notari, ikon da ya dawo hannunsa daga na Fafaroma tun 1533. Su ma can kusan duk notarinsu lauyoyi ne.

Tunda kana hulɗa da 'yan kasuwa, wataƙila ka taɓa jin mutanen Maraɗi ko Damagaram suna cewa za su je wurin "noter". Wannan kuma wani abu ne na uku. Nijar tsarin Faransa take bi, inda noter sana'a ce mai zaman kanta, dabam da ta lauyan da ke tsayawa gaban alƙali. Gwamnati ke naɗa shi, shi ke rubuta takardar cinikin gida da ta kafa kamfani da ta rabon dukiya, ya ajiye asalinta a ofishinsa, kuma takardar da ya rubuta tana da ƙarfin da za a iya zartar da ita ba sai an sake doguwar shari'a ba. Notarin Najeriya bai kai nan ba. Yana tsakanin biyun: ya fi na Amurka nauyi nesa ba kusa ba, bai kai na Nijar iko ba.

To, idan har zuciyarka ta kafe a kan abin, ga hanyar, kuma doguwa ce. Sai ka koma jami'a ka yi digirin shari'a, shekara biyar, ko huɗu idan ka samu shiga aji biyu kai tsaye. Kai da ke Zariya ba ka da nisa da Kongo, inda tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take. Duk jami'ar da za ka zaɓa, ka fara tabbatar da cewa hukumar kula da ilimin shari'a ta amince da tsangayarta, domin akwai waɗanda suka gama karatu tsaf suka tarar ƙofar gaba a rufe take. Daga nan sai makarantar horar da lauyoyi, shekara guda, ko a Bwari ta Abuja, ko Bagauda ta Kano, ko Yola, ko Legas, ko ɗaya daga cikin sauran rassanta. Ka ci jarrabawa, a rantsar da kai lauya, a rubuta sunanka a kundin Kotun Ƙoli. A ranar da aka yi wannan agogonka yake fara bugawa. Abin da aka saba nema shi ne mutum ya yi aƙalla shekara bakwai yana aikin lauya, kuma ya nuna ya biya kuɗin izinin aiki na waɗannan shekaru a jere. Ka haɗa lissafi da kanka: biyar da ɗaya da bakwai, shekara 13 ke nan idan babu yajin aiki, babu faɗuwa jarrabawa.

Bari in daɗe kaɗan a kan maganar kuɗin izinin nan, domin nan ne lauyoyi da yawa suke tuntuɓe, kuma na san akwai ƙananan lauyoyi da za su karanta wannan amsa. Ƙa'idar aikinmu ta ce kowane lauya ya biya kuɗin izinin aiki na shekara kafin ƙarshen ranar 31 ga Maris. Sabon lauya yakan ɗauki abin da wasa. Yana fama da kuɗin haya da na mota, maigidansa ba ya biyansa abin kirki, sai ya ce bari sai watan Yuni, ko ya tsallake shekara guda ya ce zai haɗa ya biya. Kotu ba za ta kore shi ba idan daga baya ya biya, shi ya sa yake ganin babu komai. Sai ranar da ya tashi neman notari, ko wani matsayi da ya fi shi, a ce ya kawo rasit ɗin kowace shekara, kuma kwanan watan da ke jiki ake dubawa. Ina da abokin da muka fito makaranta tare, lauya ne da na san ya fi ni iya tsayuwa a kotu, amma na riga shi samun hatimi da shekaru, saboda rasit ɗaya da ya biya a watan Mayu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ƙaramin lauyan da ya zo gaishe ni, nakan ce masa ya sayi fayil guda ya riƙa jefa rasit ɗinsa ciki, na izinin aiki da na reshen ƙungiyar lauyoyi, ya kuma ɗauki hotonsu ya ajiye a wani wuri.

Shi kansa neman ba shi da wani sirri. Takarda ake rubutawa zuwa ga Babban Jojin Najeriya ta hannun babban magatakardan Kotun Ƙoli, a haɗa da takardar shaidar zama lauya, da tarihin aiki, da hotuna, da rasit ɗin da na ambata, da bayanin ofishin da mutum yake aiki. Jerin abubuwan da kuɗin da ake biya sukan sauya daga lokaci zuwa lokaci, don haka mai nema ya karɓi na ranar daga ofishin magatakardan da kansa, kada ya dogara da abin da wani ya kai shekara biyar da suka wuce. Abin da ba ya sauyawa shi ne sharaɗin da dokar ta gindaya, cewa mutum ya zama wanda ya dace kuma ya cancanta. Babban Joji yana Abuja, bai san ka ba, saboda haka ana waiwayar jihar da kake aiki a ji ta bakin waɗanda suka san ka, musamman Babban Jojin jiha da reshen ƙungiyar lauyoyi. Idan kana da ƙara a gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, ko an san ka da taɓa kuɗin wanda kake wa aiki, a nan maganar take mutuwa ba tare da an ce maka komai ba. Idan an amince, sai ka yi rantsuwar kama aiki, a shigar da sunanka a rajistar notari da ke Kotun Ƙoli, a ba ka takardar shaida. Daga ranar kai jami'in Kotun Ƙoli ne, kuma hannun da ya rubuta sunan yana iya goge shi.

Yanzu mu zo ga abin da na fi so ka fahimta, domin ko ba ka zama notari ba zai yi maka amfani a shagonka. Mutanen da kake turawa bayan layi, me suke saye da kuɗinsu? Yawancinsu sun ɗauka jan tambarin nan ne da hatimin ƙarfe mai fito da rubutu a jikin takarda. Har wasu kan ce mini, "Barista, a danna shi da kyau ya fito." Alhali abin da suke saye shi ne shaidar mutum guda wanda hukumomin wata ƙasa suka yarda ba zai yi ƙarya ba. Wani jami'i a Alƙahira ko Guwanzu ko Landan bai taɓa ganin mai takardar ba, ba zai kuma gan shi ba. Yana so wani amintacce ya ce: wannan mutum ya zo gabana ranar kaza, na duba fasfo ɗinsa, na tabbatar shi ne, ya fahimci abin da ke cikin takardar, ya sa hannu da kansa ba tare da tilas ba. Ko kuma ya ce: an kawo mini asalin wannan takarda, na riƙe ta a hannuna, na gwada ta da wannan kwafi, sun zo daidai. Iyakar abin da hatimin ke faɗa ke nan. Gani ya kori ji, kuma notari ganinsa yake sayarwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da marubucin da zai rubuta da adalci, da shaidu. Malaman Malikiyya sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan ilimin wasiƙoƙin ciniki da sharuɗɗa, kuma har yau a Maroko akwai adulai da ke rubuta aure da gado da ciniki, a Saudiyya kuma ofishin da ke wannan aiki sunansa ofishin katibul adli. Duk wanda ya taɓa ba da wakilci a can ya san shi. Idan tsofaffi suka tambaye ni mene ne notari, da wannan nake musu bayani, kuma nan take suke ganewa, fiye ma da wasu 'yan boko.

Ayyukan da ke zuwa teburina a mako kusan iri ɗaya ne. Takardar wakilci ita ce kan gaba: ɗan kasuwa yana so wani ya karɓar masa kaya ko ya sa hannu a madadinsa a Dubai ko Sin, ko magada suna so ɗayansu ya bi musu haƙƙin mahaifinsu da ya rasu a ƙasar waje. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 150, ta ce kotu za ta ɗauka takardar wakilcin da aka sa wa hannu gaban notari kuma ya tabbatar da ita sahihiya ce, sai in an kawo hujjar da ta rushe hakan. Sai ɗalibai masu tafiya Masar ko Indiya ko Malesiya da kwafin sakamakon jarrabawa. Sai takardar amincewar uba ko uwa idan yaro zai yi tafiya da ɗayansu. Sai takardun rantsuwa. Akwai kuma tsofaffin ayyuka biyu da suka haifi sana'ar a tashoshin jiragen ruwa: rubuta shaidar cewa an gabatar da takardar biyan kuɗi ta ƙasar waje an ƙi biya, da rubuta bayanin matuƙin jirgin ruwa idan guguwa ta lalata kaya a teku. Saboda irin wannan ne tsohuwar doka ta ba jami'an kwastan na tashoshin ruwa ikon yin aikin notari a inda babu shi. Mu nan Arewa sai mutum ya yi ritaya bai ga ko ɗaya ba.

Akwai rashin fahimta guda biyu da nake so ka riƙa gyara wa masu zuwa shagonka. Na farko, ba kowace takardar rantsuwa ke buƙatar notari ba. Wanda zai yi rantsuwar shekarun haihuwa, ko ta ɓatan katin waya, ko ta gyaran suna don amfani a cikin gida, kwamishinan rantsuwa da ke rajistarar kotun da ke gefenka ya ishe shi, kuma ya fi araha sosai. Notari ya fi amfani idan takardar za ta ƙetare iyaka, ko wanda ya nema ya ce lallai sai shi. Na biyu ya fi haɗari: hatimin notari ba ya mai da ƙarya gaskiya, ba ya kuma ba mutum mallakar abin da ba nasa ba. Mutum ya sayi fili, a rubuta yarjejeniya, a kai wa notari ya buga hatimi, ya koma gida yana ganin ya gama. Notarin ya shaida sa hannu ne kawai. Bai ce filin na mai sayarwa ba ne, bai ce ba a jinginar da shi a banki ba. Filin da ke da takardar mallaka ta gwamna, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya masa hannu, kuma sai an je ma'aikatar ƙasa an bincika an yi rajista. Na ga mutane sun yi kuka a ofishina da takarda mai jan tambari a hannu.

Haka kuma hatimin ba shi ne ƙarshen tafiya ba ga takardar da za ta fita waje. Ƙasashe da yawa sun shiga yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 1961, wadda ta sa tambari ɗaya ya wadatar a tsakaninsu. Najeriya ba ta ciki. Don haka bayan notari, galibi sai takarda ta je Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja an tabbatar da ita, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta ya sa nasa. Idan takardar makaranta ce, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ake fara bi. Ka riƙa gaya wa ɗalibai su tambayi makarantar da za su je ainihin abin da take so kafin su kashe ko sisi, domin wata kwafi mai hatimin notari kawai take nema, wata kuma sai an bi duk matakan.

Ka tambayi inda ake samun hatimi. Kowane mai sassaƙa tambari zai iya yin sa cikin yini guda, kuma wannan ne ya sa na jabu suka yi yawa a bakin kotuna da ofisoshin biza. Yin aikin notari ba tare da an naɗa ka ba laifi ne a doka, ban da laifin zamba da na ƙirƙirar takardar bogi da za su hau kai. Har lauyan da ba a naɗa ba, tambarin ƙungiyar lauyoyi da yake liƙawa a takardunsa bai mai da shi notari ba. Wanda yake shakka yana da damar ya nemi ganin takardar naɗin, kuma notarin gaske ba zai ji haushi ba. Tawa tana rataye a bango.

Wahalar aikin ba a neman sa take ba, a riƙe shi take, kuma ba baƙo ne ke kawo jarrabawar ba. Naka ne. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ƙwarai ya taɓa zuwa da takardar wakilci wadda aka ce ƙaninsa ya sa wa hannu, za a sayar da wani gidan gado. Na ce ina ƙanin? Ya ce yana Legas, ba shi da lafiya, ai ga sa hannunsa nan, ga kwafin katinsa, ko ban yarda da shi ba ne? Na ce, "Baba, na yarda da kai, amma abin da zan rubuta a ƙasan takardar nan shi ne ya zo gabana, kuma bai zo ba." Ya tashi ransa a ɓace, ya yi kusan shekara ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Ban san ko sa hannun na gaske ne ko ba na gaske ba, kuma ba wannan ne abin dubawa ba. Da na buga, na rubuta ƙarya da sunana ko da ƙanin ya amince ɗari bisa ɗari. Irin wannan roƙon yana zuwa da fuskoki da yawa: a mayar da kwanan wata baya, a tabbatar da kwafi alhali asalin "yana gida", a bar wa yaron ofis hatimi ya riƙa bugawa idan maigida yana kotu. Na ƙarshen nan shi ya fi kashe notari, domin yaron ba ya duba fuska, kuɗi yake dubawa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Wani wurin da ake sakaci shi ne mutumin da ba ya karanta Turanci. A idon doka, wanda ba ya iya karanta harshen da aka rubuta takarda da shi ana ba shi kariyar wanda bai iya karatu ba, ko da malami ne da ya haddace littattafai yana rubuta ajami kamar ruwa. Wajibi ne a karanta masa takardar a fassara masa da harshen da yake ji, a rubuta a ƙasa cewa an yi hakan, da sunan wanda ya fassara, kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Hajiya ta zo da ɗanta, ɗan yana ta sauri yana cewa ai ta san komai. Nakan ce ya ɗan jira a waje, in tambaye ta da Hausa: Hajiya, kin san wannan takarda tana ba shi ikon sayar da gidan, ba karɓar haya kaɗai ba? Sau da yawa ta sani. Wani lokacin kuma sai ka ga ta ɗago kai ta dube ni.

Sai ƙa'idar da ta hana notari yin aiki a al'amarin da yake da hannu ko amfani a ciki. Dokar shaida ma ta ce ba a karɓar takardar rantsuwar da aka yi a gaban lauyan wanda ya kawo ta, ko abokin aikin lauyan, ko akawunsa. Kada ka ɗauka ƙaramar magana ce. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2007, Janar Muhammadu Buhari ya ƙalubalanci nasarar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Mafi yawan rubutattun bayanan shaidunsa an rantsar da su ne a gaban wani notari wanda yake cikin lauyoyinsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi watsi da su saboda wannan dalili, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hakan a hukuncinta na Disamba 2008, wanda alƙalai huɗu suka rinjayi uku. Ba na cewa wannan kaɗai ya yanke shari'ar, amma ƙara ce ta kujerar shugaban ƙasa, da manyan lauyoyi a kanta, aka zubar da shaidu saboda wanda ya riƙe hatimi. Tun daga lokacin, ko takardar rantsuwar canjin suna ce ta wanda nake wa shari'a, ƙetare titi nake tura shi.

Dokar 2023 ta kawo sabon abu da ya dace da zamani: ta halatta hatimi da sa hannu na lantarki, ta kuma yarda a yi aikin daga nesa ta hanyar bidiyo, inda notari da mai takarda suke ganin juna suna jin juna kai tsaye. Notarin da ke son yin haka sai ya yi rajistar hakan a wurin babban magatakardan Kotun Ƙoli. Da wannan dokar tana nan lokacin da dattijon nan ya zo, da na ce a kira ƙanin a bidiyo ya nuna katinsa mu gama. Ra'ayina dai shi ne ta sauƙaƙa wa mutanenmu da ke zaune a waje, amma ta ƙara wa notari nauyi, domin a allon waya ba ka ganin wanda ke tsaye a bayan ƙofa yana zare wa tsohuwa ido. Kuma kafin a yi, a tambayi wanda zai karɓi takardar ko yana amincewa da ta lantarki, don har yanzu akwai ofisoshin da sai sun shafa hatimi da yatsa suke yarda.

Batun samu kuwa, kada bidiyon Amurka ya ruɗe ka. Ban san lauyan da ya yi arziki da hatimi kaɗai ba a garuruwanmu. Ƙari ne a kan aikin lauya, yana kawo ɗan abin cefane, ya fi kawowa a lokacin da ɗalibai ke shirin tafiya, ya kuma fi tsoka ga waɗanda ke Legas da Abuja kusa da kamfanoni da ofisoshin jakadanci. Babban amfaninsa shi ne wanda ya zo buga hatimi yau, gobe shi zai dawo da shari'ar fili ko rajistar kamfani.

Kai kuma, ga shawarata. Idan shekarunka da halinka za su ɗauki karatun shari'a, kuma shari'ar kake so ba hatimin ba, bismillah, na san waɗanda suka shiga aji ɗaya suna da 'ya'ya uku kuma yau suna sanye da baƙar riga. Idan kuwa abin da kake hange shi ne kuɗin da ke wucewa ta ƙofar shagonka zuwa bayan layi, akwai rabonka a ciki ta halal. Je ka sami lauyan nan, ka fara ganin takardar naɗinsa da idonka. Ka koyi yadda ake tsara takardar wakilci da ta amincewar iyaye a kwamfuta bisa samfurin da shi zai ba ka, kada ka ƙirƙiri naka, domin rubuta wa mutane takardun shari'a don kuɗi aikin lauya ne. Ka sayi na'urar ɗaukar kwafi mai fitar da rubutu tas, don notari ba ya son kwafin da hatimin makaranta ya dushe. Ka rubuta a bango abin da mutum zai riƙo kafin ya je: asalin takarda, fasfo ko katin ɗan ƙasa, da shi kansa mai sa hannun. Ka san matakan Abuja da kyau yadda za ka yi wa ɗalibi bayani kafin ya hau mota. Ka karɓi kuɗin bugawa da na kwafi da na hoto, shi ya karɓi na hatimi, kuma ko ya ce zai yi tafiya ya bar maka shi a aljihun tebur, ka ce masa ya tafi da abinsa.